Magini Ba Sai Ya Koma Aji Ba Kafin Ya Sami Takardar Shaida

An daɗe ana cewa a Sakkwato, wanda ya koyi gini, aikin famfo ko haɗa wayar lantarki a hannun maigida ba shi da rabo a takardar shaida, wai sai ɗan boko. Da yawa daga cikin maginan Mabera da Runjin Sambo sun yarda da haka, shi ya sa ko tambaya ba sa yi.

Ba haka abin yake ba. Tun da jimawa Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwada masu sana'a a jarrabawar Trade Test, daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Sannan hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, tana kula da tsarin NSQF na tantance matakan ƙwarewar sana'a, kuma ciki akwai hanyar amincewa da ƙwarewar da mutum ya riga ya samu. Mai tantancewa yana kallon aikinka ne da idonsa: yadda ka kwaɓa siminti da yashi, ko bulo ya hau daidai da igiya, ko wayar da ka ja za ta jure zafin Afrilu fanka na juyawa dare da rana. Rubutu kaɗan ne, hannu ke magana.

To, ina amfaninta? Mai ɗaki biyu a unguwa ba zai tambaye ka takarda ba, gaskiya. Amma kamfani mai kwangilar gwamnati yakan tambaya, kuma a nan ake barin gwani a ɗauki wanda bai kai shi ba.