Waiwaye: yadda keke ya bar ƙofar ma'aikata, da masu ƙoƙarin maido shi

Ran Litinin da safe ina tsaye bakin ƙofar sarbis ɗinmu ina jiran a buɗe biro, sai na shiga ƙirga abin hawan da ke cikin gidan. Rumfar kwano cike take da babura, Kasea ne, Haojue ne, Boxer ne, motar shugaba kuma tana gindin bedi. Keke biyu ne rak, na baba mai gadi da na yaron da ke mana shara, su ma ba cikin rumfa suke ba, an jingine su jikin katanga inda rana ke dukan su tun hantsi har la'asar. Abin ya tsaya mini a rai, don a 'yan kwanakin nan ina ta ganin maganar ma'aikatun ƙasashen waje da ke biyan ma'aikaci kuɗi don ya zo aiki bisa keke, mutanenmu kuma na cewa ai wannan harkar Turawa ce masu sanyi. Ni kam ban yarda ba, kuma dalilina yana cikin tarihin garin nan.

Duk wanda ya tashi Maradi kafin babur ya cika gari ya san keke shi ne abin hawan ma'aikaci. Malamin lakol, malamin asibiti, akawun kanti, mai awon gyada, planto mai kai takardu, kowa da kekensa. Rale daga Ingila, Fonis daga Sin, Fijo daga Faransa, da yawansu ta Katsina da Jibiya suke shigowa kamar sauran kaya. Mahaifinmu Fonis gare shi baƙi, da fitilar dinamo da kariya a baya inda yake ɗaure jakar takardu da roba, kullum ran Lahadi sai ya kife shi ƙafafu sama ya wanke kaca da kananzir ya sa mata mai, mu kuma aikinmu goge wayoyin ƙafa da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Lokacin ana tashi aiki da rana a je gida a ci abinci a koma, kenan sau huɗu yake bin hanya a yini, kuma ban taɓa jin wani ya raina shi don yana kan keke ba, sai ma gaisuwa da ake kai masa har ya rasa hannun amsawa. Can ƙetaren iyaka a Najeriya kuwa tun zamanin En'e akwai bashin keke da alawus ɗin keke, ma'aikata ta ba ka kuɗi ka saya ana cirewa cikin albashi kaɗan kaɗan. Wato abin da ake kira sabon abu yau, kakanninmu sun san shi.

Sai mobilet ta zo, daga baya Yamaha da Suzuki, amma waɗannan sai mai hali. Da anka karya darajar sefa a Janairun 1994 kayan Turai sunka ninka kuɗi, nan ne kasuwa ta juya gabas, bayan shekara ta 2000 baburan Sin masu araha sunka malalo, ga man ruwa-ruwa daga Najeriya cikin kwalabe a kowace kwana, ga kabu-kabu, daga baya ga adaidaita. Garin ma ya yi faɗi, mutum yana Zariya ko Ali Ɗan Sofo aikinsa yana can cikin gari. Cikin shekaru kaɗan keke ya koma na 'yan makaranta da masu gadi da masu kawo itace da ciyawa daga ƙauye. Abin da ya fi ciwo shi ne kunyar da ta shigo, ma'aikaci ya hau keke sai a fara tambaya ko lafiya, ko an kore shi ne, ko bashi ya ci babur ɗin. Wallahi wannan kunyar ta fi zafin rana hana mutane.

To su can waje ya anka yi? Su ma fa sun bar keke, ba haka sunka taso ba. Holan da ake misali da ita yau, bayan yaƙin duniya na biyu mota ta cinye titunansu, a 1971 mutum kusan 3,300 sunka mutu a haɗarin hanya, sama da 400 yara ne, iyaye sunka fito zanga-zanga. Sai ga rikicin mai na 1973, har gwamnati ta hana hawa mota ranakun Lahadi na wasu makonni. Daga nan sunka fara gina wa keke hanyarsa daban. Hanya ta fara zuwa, sannan kuɗin wurin aiki ya biyo, yau ma'aikata na iya biyan ma'aikaci kuɗin kowace kilomita ba haraji ko da keke ya zo.

Amurka tun 1956 suke da ranar zuwa aiki bisa keke a watan Mayu, amma sai 2009 anka sa kuɗi ciki, dala 20 ta Amurka a wata ba haraji, shi ma dokar haraji ta 2017 ta dakatar da shi. Ingila ce ta yi abin da ya fi kama da bashin kekenmu, a 1999 sunka kawo tsarin da ma'aikata ke sayen keken ta ba ma'aikaci, ana cire kuɗin cikin albashi kafin a cire haraji, sai keken ya zo masa da sauƙi. Amma akwai inda tsarin ya gaza kuma ina so mu lura da shi: doka ba ta yarda cirewar ta sauke albashin mutum ƙasa da mafi ƙarancin albashi ba, don haka ƙananan ma'aikata, waɗanda sunka fi kowa bukatar keken, su ne ba sa iya shiga. Mai babban albashi ya samu keke mai tsada da rangwame, mai shara ya tashi a tutar babu.

Faransa ta fara biyan santim 25 na yuro a kowace kilomita a 2016, wato sefa 164 kenan a kuɗinmu, a 2020 sunka maye shi da wani alawus na shekara da ya haɗa da masu shiga mota ɗaya tare. Beljiyam ta wuce nan, daga 1 ga Mayun 2023 biyan kuɗin keke ya zama dole a kamfanoni masu zaman kansu, santim 27 a kilomita a lokacin ga waɗanda ba su da wata yarjejeniya tasu. Ba don Allah kawai suke yi ba, wurin ajiye mota tsada gare shi, kuma ma'aikaci mai lafiya ba ya yawan fashin aiki. Wani bincike na jami'ar Glasgow da ya fito a 2017 ya bi mutum sama da 260,000 har kusan shekara 5, anka ga masu zuwa aiki bisa keke haɗarin mutuwarsu a wannan tsakanin ya yi ƙasa da kashi 41 cikin ɗari in an gwada da masu zuwa a zaune. Mu da hawan jini da ciwon suga sunka addabi ma'aikatan biro, bai kamata mu yi kunnen uwar shegu da wannan ba.

Nan kusa da mu ma an taɓa gwadawa daga sama. Thomas Sankara, lokacin yana shugaban Burkina Faso, ya saida marsandin gwamnati, shi kansa yana hawa keke, kuma har gobe a Wagadugu mace da namiji, babba da yaro, kowa na tuƙa keke ba mai kallon wani. A Najeriya ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran mutane su hau keke a 2001, ya riƙa zuwa aiki a kai don a gani, har wata bas ta ture shi cikin lambatu a Abuja. Mutumin da gaskiya yake, abin da ya rasa shi ne hanya, ya kira mutane su shiga titin da ba a bar wa keke ko taku ɗaya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tun 2018 ta ware 3 ga Yuni ranar keke ta duniya, ana fitowa da riguna iri ɗaya a zagaya gari, yana da kyau, sai dai zagayen yini ɗaya ba ya canza yadda mutum zai je aiki washegari.

Abin da ya maido maganar a Maradi ba wa'azin lafiya ba ne, mai ne. Ran 29 ga Mayun 2023 shugaban Najeriya Tinubu ya cire tallafin mai, kwalbar ruwa-ruwa ta yi tsalle, wata biyu bayan haka anka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ta rufe. Kowa ya koma gidan mai inda lita take sefa 540, a Yulin 2024 gwamnati ta sauke ta zuwa 499, sai kuma ƙarancin mai na Maris 2025 da dogayen layuka. A waɗannan ranakun na ga abokan aiki sun yi latti har awa biyu suna layi da babur, baba mai gadi kuwa ko minti ɗaya bai makara ba.

Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ba wanda zai so ya shiga biro riga jiƙe sharkaf. Kwaltar da anka zuba lokacin bikin ranar jamhuriya na Maradi Kwalliya a 2015 ta taimaka, amma da ka sauka daga manyan tituna rairayi ne sai ka sauko ka tura, ga tsidau mai huda taya, ga adaidaita da ke matse ka har bakin lambatu. Mata ma'aikata kuma nasu ƙalubalen daban ne, yarinya na hawa keke zuwa lakol amma da ta yi aure bakin mutane ya hana. Duk da haka garin shimfiɗe yake, in ba gangaren tsohon gari wajen gulbi ba, kuma da sanyin safiya kilomita 4 ko 5 ba komi ba ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ma daɗi gare shi.

Abin da ma'aikata za ta iya yi bai kai kuɗin man motar shugaba na wata ɗaya ba. Wuri cikin inuwa da ƙarfen da za a ɗaure keke, makewayi mai ruwa da ƙugiyar rataye riga, famfon iska ɗaya a ɗakin mai gadi, bashin keke da za a cire cikin wata goma ba ruwa, da ɗan kuɗin faci duk wata. Kuma a fara da waɗanda ke kan keken tun tuni, kar mu maimaita kuskuren Ingila. A wurinmu masu babur na samun bon ɗin mai in an aike su, yaron shara kuwa ana aikensa banki da gidan waya bisa kekensa ba a taɓa ba shi ko dala ba, wannan ba adalci ba ne kuma na faɗa a gaban shugabanmu.

Jiya na zauna kan bencin baba mai gadi na ce, Baba, in an ce ka zaɓi abu ɗaya da za a yi maka saboda keken nan, me za ka ce? Na zaci kuɗi zai ambata. Sai ya miƙa hannu ya latsa tayar baya, ya nuna mini yadda gefenta ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, ya ce ɗana, rana ce ke cinye mini taya, bana wannan ce ta biyu, a bar ni in sa shi cikin rumfa kawai. Na rubuta shi a saman takardar da zan kai taron ma'aikata ran Alhamis, bashin keken yana biye.