Habasha: ƙasar da shekararta ke da wata goma sha uku

Ranar 11 ga Satumban 2025 mutanen Habasha suka wayi gari suna yi wa juna barka da shiga shekarar 2018. Duk shekara sai labarin ya zagayo a soshiyal midiya, a yi ta raha wai an tafi an bar su a baya. Ga yadda lissafin nasu yake.

Da gaske wata goma sha uku gare su?

Da gaske ne, amma kwanakin shekarar ba su ƙaru ba. Wata goma sha biyu ne, kowanne kwana 30 cif, babu mai 31, babu mai 28. An samu 360 ke nan. Ragowar kwana biyar sai aka tara su wuri guda aka kira su Pagume, shi ne wata na goma sha uku, kuma duk bayan shekara huɗu yakan zama kwana shida. Mai hangen albashi goma sha uku ya kwantar da hankalinsa, galibi sau goma sha biyu ake biya kamar ko'ina.

Pagume na faɗowa ne a ƙarshen damina. Ranar uku ga watan Kiristocin Orthodox ke tunawa da Mala'ika Rufael, kuma idan aka dace da ruwan sama a ranar, yara kan fito su yi wanka a cikinsa, domin ana ɗaukar sa ruwa mai albarka.

To ina shekara bakwai ɗin suka shige?

Babu inda suka shige. Da Turawa da Habashawa duk daga zamanin Annabi Isa (AS) suke fara ƙirga, sai dai malaman da suka yi musu lissafin ba su dace a kan shekara ɗaya ba. Turai ta bi lissafin wani malamin coci mai suna Dionysius Exiguus, wanda ya tsara nasa a Rum a shekarar 525. Habasha kuwa ta riƙe na malaman Iskandariya ta Masar, musamman Annianus, wanda ya riga shi da fiye da shekara ɗari. Tsakanin lissafin biyu akwai tazarar shekara bakwai zuwa takwas.

Dalilin bin Iskandariya a fili yake. Tun ƙarni na huɗu, lokacin da Sarki Ezana na Aksum ya karɓi addinin Kirista, cocin Habasha ke ƙarƙashin cocin Ƙibɗawan Masar, daga can ake turo mata babban limami. Sai a 1959 ta samu shugabanta na kanta. Har yau tsarin watannin Ƙibɗawa da na Habashawa iri ɗaya ne, sunaye da lambar shekara ne suka bambanta.

Mai son ya juya lissafin da kansa: daga 11 ga Satumba zuwa ƙarshen Disamba ya cire bakwai daga shekarar Miladiyya, daga Janairu zuwa farkon Satumba ya cire takwas.

Ba gyaran da Paparoma Gregory ya yi ne ya jawo tazarar ba?

Nan ne masu yaɗa labarin suka fi yin tuntuɓe. Gyaran 1582 kwanaki ya taɓa, bai taɓa lambar shekara ba. Paparoma Gregory na 13 ya tsallake kwana goma, aka kwanta 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga wata, sannan ya sa dokar da ke rage shekaru masu ƙarin kwana. Habasha ba ta bi ba, har gobe duk shekara ta huɗu sai ta ƙara kwana, babu togaciya. Abin da wannan ya haifar shi ne bambancin ranakun bukukuwa: Kirsimetinsu, da suke kira Genna, 7 ga Janairu take zuwa, bikin Timkat, na tunawa da baftismar Annabi Isa, kuma galibi 19 ga Janairu. Ba su kaɗai suka yi jinkiri ba ma, Rasha sai 1918 ta koma kalandar Gregory, Girka sai 1923. Habasha kuwa har yau ba ta koma ba.

A coci kawai ake aiki da ita, ko har a ofis?

Har a ofis, kuma wannan ne abin mamakin na gaskiya. Ƙasashe da yawa na da kalandar addini da ake ajiyewa don azumi da bukukuwa, kamar yadda mu ma muke duban wata don Ramadan amma albashi ya bi Janairu. A Habasha kuwa takardun gwamnati, makarantu, kotuna da jaridun Amharik duk da tasu suke rubuta kwanan wata. Shekarar kasafin kuɗi na farawa 1 ga watan Hamle, wato 8 ga Yuli. Bikin shiga shekara ta 2000 ma sai a Satumban 2007 suka yi abinsu, har aka gina katafaren zauren Millennium Hall a Addis Ababa domin sa.

Tarihinsu ma da ita suke riƙe shi. Yaƙin Adwa, inda dakarun Sarki Menelik na Biyu suka fatattaki Italiya a Maris ɗin 1896, ɗan makaranta a can 23 ga Yekatit 1888 ya haddace. Kisan kiyashin da sojojin Italiya suka yi a Addis Ababa a Fabrairun 1937 sunansa kawai Yekatit 12, akwai dandali da asibiti masu wannan suna. Faɗuwar gwamnatin Mengistu a Mayun 1991 kuma Ginbot 20 ake ce mata. A ganina, ƙasar da ta saka kwanan watanta cikin sunayen dandalinta da ranakun makokinta haka, ba ƙaramin aiki ba ne a raba ta da kalandar.

Inda harka ta shafi waje, kamar tikitin jirgin Ethiopian Airlines, biza ko cinikin ƙasa da ƙasa, Miladiyya ake rubutawa. Ma'aikacin banki yana riƙe da duka biyun a ka.

Musulmin ƙasar fa?

Kusan kashi ɗaya cikin uku na al'ummar Musulmi ne, a ƙasar da sahabbai suka yi hijira ta farko zuwa wurin Najjashi. Azumi da Sallah da Hijiriyya suke yi, makaranta da aikin gwamnati da kalandar ƙasa, hulɗa da waje da Miladiyya. Uku ke nan. Wasu ƙabilun ma na da nasu lissafin daban, kamar Sidama da ke bikin sabuwar shekararsu, Fichee-Chambalaalla, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2015.

Wai har agogonsu daban ne?

Daban ne, kuma shi ya fi kalandar rikita baƙo. Ƙirgar awa na farawa ne daga fitowar rana, ba daga tsakar dare ba. Bakwai na safe a wurinmu ƙarfe ɗaya ne a wurinsu, sha biyun rana ƙarfe shida, shida na yamma kuma sha biyu, daga nan a sake sabon ƙirge na dare. Addis Ababa na kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, rana kan fito ta faɗi kusan lokaci guda duk shekara, shi ya sa tsarin ya zauna daidai. Masu jin Swahili a Kenya da Tanzaniya ma haka suke faɗar lokaci.

Saboda haka idan direban tasi ya ce zai zo ƙarfe biyu, a tambaye shi: agogon Habasha ko na faranji, wato na baƙi? In na Habasha ne, takwas na safe yake nufi.

Ranar sabuwar shekara za ta dawwama a 11 ga Satumba?

A'a. Ko yanzu takan koma 12 ga wata a shekarar da Pagume ya yi kwana shida, kamar yadda aka yi a 2023. Daga 2100 kuma za ta gusa da kwana ɗaya ɗungurungum, domin kalandar Gregory ba za ta ƙara kwana a Fabrairun wannan shekarar ba, alhali ta Habasha ba za ta fasa ƙara nata ba.