Rayuwar Mata Masu Hali da Talakawa a Turai ta Tsakiyar Zamani

Tsakiyar zamani shi ne sunan da masana tarihi suka ba shekarun da suka taso daga wajen 500 zuwa 1500 a Turai. Mafi yawan abin da aka sani game da matan lokacin ya fito ne daga takardun kotu, littattafan lissafin manyan gidaje da wasiƙu, musamman na Ingila da Faransa. Takardun sun nuna cewa dukiya tana sauke wa mace wahalar jiki, amma tana ƙara ɗaure ta a sha'anin aure.

Matar talaka

Yawancin mata manoma ne, a gida mai ɗaki ɗaya ko biyu, da murhu a tsakiya, hayaƙi yana fita ta rufin ciyawa. Aikinta ɗebo ruwa, tatsar saniya, yin cuku, kiwon kaji, noman lambu da dafa faten hatsi da wake. Da kaka kuma tana gona tana ɗaure dami, ladanta bai kai na namiji ba. Bayanan masu binciken gawa na Ingila sun nuna mata da yawa sun halaka wajen ɗebo ruwa, santsi ya ja su cikin rijiya ko rafi.

Niƙa ma rigima ce. Mai ƙasa yakan tilasta wa talakawansa kai hatsi injin niƙansa na ruwa, a cire masa kaso. A garin St Albans na Ingila, shugaban gidan ibada, wanda shi ne mai ƙasar, ya ƙwace duwatsun niƙa na mutane a 1331, ya daɓe ɗaki da su. Da aka yi boren manoma a 1381, mutanen gari suka shiga suka tone su. Duk lokacin da hannun matar talaka ya sami sarari, kaɗi take yi da mazari, ko tana tafe ko tana zaune.

Sana'ar da ta fi kawo mata kwabo ita ce dafa giyar sha'ir, wadda ake sha kullum, manya da yara. Wanda ya san yadda matan arewacin Gana ke dafa fito zai gane aikin. Ana jiƙa sha'ir na 'yan kwanaki, a shanya shi ya tsiro, a busar a kan wuta, a ɓarza, a zuba ruwan zafi, a tace, sannan a sa yis. Wuta ta yi yawa, tsiron ya ƙone. Ruwa ya cika zafi, zaƙin ba ya fita. Giyar kuma ba ta jure ajiya, cikin 'yan kwanaki take tsami, don haka sai mace ta kafa sanda a ƙofa, alamar akwai ta sayarwa. Hukuma ce ke yanke farashi, kuma sunayen mata sun cika takardun tara saboda tauye mudu.

Idan iyayen yarinya bayin ƙasa ne, wato manoman da ba su da ikon barin gonar ubangidansu, sai an biya shi kuɗi kafin ta yi aure. Duk da haka ita ce ta fi samun ta cewa a zaɓin miji, domin babu gādo mai yawa da za a yi ciniki a kansa.

Matar mai hali

Kuskure ne a ɗauka zaman hutu take yi. Makullan rumbu da na ɗakin kayan yaji suna ɗaure a ƙugunta, kuma ita ke duba lissafin wakili. Littafin gidan Alice de Bryene, wata gwauruwa a Suffolk, ya nuna an ciyar da abinci fiye da sau 16,500 a shekarar 1412 zuwa 1413. Dole a tanadi kifi mai gishiri don ranakun Juma'a da azumin kwana 40 na Kirista, a yanka dabbobi a Nuwamba a sa musu gishiri. Gishirin ya gaza, nama ya ruɓe a tsakiyar hunturu. Ita ke cin farin burodin alkama, talaka na cin baƙi. Cikin kayan yajinta har da citta mai 'ya'ya, irin wadda ake aunawa yau a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ta ratso Sahara daga Afirka ta Yamma.

In miji ya tafi yaƙi ko shari'a, tsaron gida ya dawo kanta. Margaret Paston, wata mai hali a Ingila, ta taɓa rubuta wa mijinta a Landan ya aiko da bakuna da gatura, a wasiƙar kuma ta nemi sukari da yadin rigunan yara. A 1450 mutane ɗauke da makamai suka fitar da ita daga gidansu na Gresham.

Aurenta ciniki ne tsakanin iyalai. Dokar coci ta yarda yarinya ta yi aure tana da shekara 12, kuma masu hali ne suka fi amfani da wannan dama: Margaret Beaufort ta haifi Henry na VII, wanda ya zama sarkin Ingila, a 1457 tana da shekara 13, ba ta sake haihuwa ba. Haihuwa ba ta bambanta mai kuɗi da talaka wajen kisa. Bayan kwana 40 mai jego takan je coci a yi mata addu'a, abin da zai tuna wa matan zangon Aboabo da Asawase na Kumasi fitar arba'in. Sai dai mai hali takan ɗauki mai shayarwa.

Sutura, birni da takaba

Dokar Ingila ta 1363 ta hana makiyaya da masu huɗa, waɗanda dukiyarsu ba ta kai sule 40 ba, sa komai sai yadin ulu mai araha. Ba ta yi ƙarko ba. A birane akwai masu matsakaicin hali: a Faris mata suna da ƙungiyoyin sana'ar siliki nasu, a Landan kuma matar aure tana iya yin kasuwanci da sunanta, bashinta a wuyanta. Bayan annobar 1348 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ingila, ma'aikata suka yi ƙaranci, 'yan mata suka riƙa kwararowa birni aikatau, kamar yadda 'yan kaya ke sauka Kumasi daga arewa.

Wadda mijinta ya rasu tana cin moriyar sulusin ƙasarsa har ƙarshen ranta. Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, tsakanin sarkin Ingila da manyan ƙasarsa, ta ba ta kwana 40 a gidan mijin, ta kuma hana a yi mata auren dole. Gwauruwar talaka kuwa sau da yawa takan miƙa wa ɗanta gona bisa sharaɗi a gaban kotun ƙauye: ɗaki, wuri kusa da murhu, da mudun hatsi sananne kowace shekara.