Waiwaye: Daga taɓon ƙasan teku rigimar radiyolariya ta faro

Tun 2004, lokacin da gwajin DNA ya fitar da rukunin Phaeodaria daga cikin radiyolariya ya mayar da shi wani dangi dabam, masana ke ja-in-ja: da siffar ƙwarangwal za a raba waɗannan halittu, ko da abin da gado ya nuna? Masu nazarin duwatsu suna da hujja, domin halittar da ta mutu shekara miliyan 40 da suka wuce ƙwarangwal kaɗai ta bari. Wasu na ɗauka na'urorin zamani ne suka tayar da ƙurar. Ba yau ta tashi ba.

Radiyolariya halittu ne masu ƙwaya ɗaya tal da ke shawagi a ruwan teku, yawancinsu ba su kai rabin milimita ba. Ƙwarangwal ɗin yawancinsu na silika ne, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Wani kamar ƙwallo mai huji-huji, wani kamar faifai, wani kamar ƙararrawa. In sun mutu sai ya nutse ƙasa, kuma haka ake yi sama da shekara miliyan 500.

Farkon labarin sananne ne. Masanin Jamus Ehrenberg ya duba ƙwarangwal ɗinsu a duwatsun tsibirin Barbados, ɗan ƙasarsu Johannes Müller ya raɗa musu suna a 1858, jirgin Challenger na Ingila ya zaga tekuna daga 1872 zuwa 1876, sannan a 1887 wani masanin Jamus, Ernst Haeckel, ya fitar da rahoto kan abin da jirgin ya ɗebo, mai jinsi 4,318. An raba su ne da ƙirga: ƙwallo nawa ne a cikin juna, ƙaya nawa, gaɓa nawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka ɗebo taɓon. Kayan aikin wancan zamani saman ƙasan teku kawai suke yagowa, alhali a wasu sassan tekun Fasifik igiyar ruwa tana tone tsohon taɓo ta cakuɗa shi da sabo. Sai ga ƙwarangwal mai shekara miliyoyi kwance kusa da na wanda ya mutu jiya, aka lissafa su duka a matsayin masu rai. Daga nan aka yanke cewa radiyolariya ba sa canzawa, ba su da amfani wajen gane shekarun dutse. Wannan zato ya yi shekara sittin da ɗoriya yana zaune daram.

Bututu ne ya tayar da shi. Börje Kullenberg, ɗan ƙasar Suwidin, ya ƙera wani bututu mai fistin da ke huda ƙasan teku ya zaro taɓo mai tsawon kusan mita 20, hawa-hawa yadda ya kwanta, tsoho a ƙasa, sabo a sama. Jirgin Albatross ya yi aiki da shi a 1947 zuwa 1948. William Riedel, matashi daga Ostareliya, ya bi waɗannan hawa ɗaya bayan ɗaya, kuma a 1957 ya nuna cewa jinsuna suna ɓullowa, su sauya, su ɓace. A ganina nan ne komai ya juya. Da zarar an ga zuriya ɗaya tana sauya kama daga hawa zuwa hawa har ta tsallaka daga wannan akwatin suna zuwa wancan, an gane kama da wane ba ta wane. Ƙirgan ƙaya ya nuna siffa, bai nuna zumunta ba.

Sauran duk biyo baya ne. Riedel ya sake tsarin raba su a 1967, jirgin haƙa na Glomar Challenger ya fara aiki a 1968, masana irin su Petrushevskaya ta Rasha suka koma duba ɗan tsinken da ke can cikin ƙwarangwal, wanda daga shi ginin yake farawa. DNA ya zo ya tarar da tsarin da aka riga aka yi wa faci sau da yawa, kuma da yawa daga cikin sunayen 1887 suna nan ana aiki da su, saboda a ƙa'idar raɗa suna wanda ya riga shi ne da suna.