Awa 24 a bayan kanta: abin da sashe na 35 ya ce da abin da bai ce ba

Akwai wani saƙo da ke yawo a wayoyin ɗalibai, wai duk wanda 'yan sanda suka kama, da zarar ya cika awa 24 a caji ofis dole a buɗe masa ƙofa ya tafi gida, ko me ake zarginsa da shi. Iyayenmu kuma nasu tsoron daban ne: a ganinsu wanda ya shiga hannun hukuma sai ranar da aka ga dama a sake shi. Duka biyun ba haka doka ta ce ba, kuma wanda ya riƙe ɗayansu zai sha wuya ranar da abin ya zo kansa.

Maganar tana cikin sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, kuma ta shafi kowa, ɗan ƙasa da baƙo, namiji da mace. Wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa da kansa. Wajibi ne kuma a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji.

Inda ake ruɗewa shi ne batun lokaci. Abin da sashen ya wajabta shi ne a kai mutum gaban kotu. Idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, kwana ɗaya ne. Idan babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace da yanayin. A birane irin Kano, Kaduna ko Sakkwato, da wuya wani ya ce babu kotu kusa. To amma kai mutum kotu daban, sallamarsa daban. Alƙali na iya ba da beli, yana iya hanawa. Sannan sashen ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai ko fashi da makami, daga wannan wa'adi. Saƙon da ke yawo bai faɗi wannan ba, shi ya sa za ka ga yaro ya tsaya gaban kanta yana ɗaga murya wai lokacinsa ya cika, ya ƙara jawo wa kansa matsala.

Kamun ranar Juma'a fa, tunda kotu ba ta zama Asabar da Lahadi? Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta amsa wannan. Idan laifin ba mai hukuncin kisa ba ne kuma ba za a iya kai mutum kotu cikin awa 24 ba, shugaban ofishin ya binciki lamarin ya ba da belinsa. Wannan doka ta kotunan tarayya ce da Abuja, amma jihohi sun yi irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019.

Sai dai akwai inda a ganina dokar ta yi rauni. Tana ba 'yan sanda damar neman kotun majistare ta ba da umarnin ajiye mutum kwana 14 yayin da ake bincike, ana kuma iya ƙara wasu 14 idan an kawo dalili. A takarda an cika sharaɗi, tunda an kai shi gaban alƙali. A zahiri ta wannan ƙofa ce talaka marar lauya yake shiga gidan gyaran hali a manta da shi, alhali Kundin ya ce wanda ke tsare aka yi wata biyu ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, da sharaɗi ko babu. Mai hali yana da wanda zai tunatar da kotu. Ɗan garuwa wa zai tunatar masa?

Belin 'yan sanda kyauta ne. Adadin kuɗin da ake rubutawa a takardar beli alkawari ne na abin da mai tsayawa zai biya idan wanda ya tsaya wa ya gudu, babu wanda aka ce ya ƙirga shi a kan teburi. Mace na iya tsayawa beli, dokar 2015 ta hana a ƙi ta don kawai ita mace ce. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ke aiki a duk ƙasar, ta haramta kama wani a madadin wani, don haka ɗauke uwa ko ƙane wai sai yaro ya kawo kansa saɓa doka ne. Ta kuma hana kama mutum kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai.

Hukuncin wanda ya taka wannan haƙƙi ba ƙarami ba ne. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da kuma neman afuwa a bainar jama'a daga hukumar da ta tsare shi, kuma sashe na 46 ya ba shi damar kai ƙara Babbar Kotu. Jami'in da ya azabtar da mutum don ya amsa laifi kuwa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 25.

Sai dai kotu da hujja take aiki. Idan aka kama naka, rubuta rana da lokacin kamun, sunan ofishin da na jami'in da ke riƙe da binciken. Kada wanda aka kama ya sa hannu a bayanin da bai karanta ba ko ba a karanta masa ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke jiharsa tun kwana ɗayan bai cika ba.