Abin da Ofishin Jakadanci Zai Iya Yi wa Wanda Aka Kama a Ƙasar Waje: Fashin Baƙin Sashe na 36

Da zarar labari ya iso gida cewa an kama wani a Jidda ko Dubai ko Alƙahira, maganganu iri biyu ne suke fara yawo a tsakanin dangi da cikin saƙonnin murya na WhatsApp. Wasu za su ce ai magana ta ƙare idan aka samu wanda ya san wani a ofishin jakadanci, domin jakada yana ɗaga waya za a buɗe ƙofar kurkuku, kuma daga nan ne 'yan damfara suke samun ƙofa, su karɓi kuɗin gona ko na dabbobi da sunan za su shigar da maganar. Wasu kuma za su ce kada wanda aka kama ya kuskura ya ambaci ofishin jakadanci, musamman idan bizarsa ta ƙare ko ba shi da igama, wato takardar izinin zama, wai ofishin ne zai ƙara tona masa asiri. Maganganun biyu duk ba su da tushe a doka, amma ta biyun ta fi haɗari, saboda tana sa mutum ya zubar da haƙƙin da dokar ƙasa da ƙasa ta ba shi a sarari.

Dokar da ake magana a kanta ita ce Yarjejeniyar Biyana kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci, wadda aka ƙulla a babban birnin Ostiriya a watan Afrilun 1963, ta fara aiki a 1967. Ƙasashe fiye da 180 ne suka shige ta, ciki har da Najeriya da Nijar da Saudiyya. Sashe na 36 shi ne ya yi magana a kan ɗan wata ƙasa da aka kama, ko aka kulle a kurkuku, ko aka tsare kafin shari'a, ko aka tsare ta kowace irin hanya. Bai ware ɗalibi daga ɗan kasuwa ba, bai ware alhaji daga 'yar aikin gida ba, kuma bai ce sai mai cikakkun takardu ba. Wanda yake zaune a sansanin tarhil na Shumaisi yana jiran a mayar da shi gida yana cikin waɗanda sashen ya ƙunsa.

Inda ruɗanin yake shi ne wani ɗan gajeren sharaɗi da ke farkon sakin layi na 1(b) na sashen, wato idan wanda aka kama ya nema. Ma'anarsa ita ce hukumar da ta kama baƙo ba dole ba ne ta sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa don ra'ayin kanta. Abin da ya wajaba a kanta shi ne ta gaya wa baƙon, ba tare da jinkiri ba, cewa yana da wannan haƙƙi. Idan ya ce yana so, sai ta sanar da ofishin, kuma duk wasiƙar da ya rubuta wa ofishin ta miƙa ta ba tare da ta riƙe ba. Idan ya yi shiru, ko ya ce ba ya so, to ofishin yana iya shafe watanni bai san yana tsare ba, kuma babu wanda ya karya doka. Waɗanda suka tsara yarjejeniyar suna da hujjarsu, domin akwai mutanen da suka gudo daga gwamnatinsu ne, kuma sanar da ita inda suke tamkar miƙa su ne gare ta. Wasu ƙasashen sun ƙulla wata yarjejeniya ta daban a tsakaninsu wadda ta cire wannan sharaɗi: a Amurka, Najeriya da Gana suna cikin jerin ƙasashen da dole ne a sanar da ofishinsu ko wanda aka kama bai nema ba. Amma wannan keɓantaccen tsari ne, ba a ɗaukarsa a ɗora wa sauran ƙasashe.

Hujjar tana da kyau a rubuce, sai dai duk wanda ya san irin mutanenmu da ake kamawa ya san wanda sharaɗin yake kayarwa. A ɗauki matar da ta je Umara ta zarce da zama tana wanki da goge-goge a gidajen mutane. Askarawa sun tare ta a hanya, an kai ta ɗakin bincike, ana magana da Larabcin da ba ta jin komai a cikinsa sai kalmomin ciniki, an ajiye takarda a gabanta da tawadar dangwale, an nuna mata inda za ta ɗora babban yatsa. Ko da an karanta mata haƙƙinta, da wane harshe aka karanta? Kuma idan abin da ta taɓa ji daga 'yan uwanta takari shi ne ofishin jakadanci wurin tonon silili ne, me zai sa ta ce a kira shi? Mai ilimi da kuɗi ya san zai nemi lauya da ƙaramin jakada tun a sa'ar farko, talaka kuwa sau da yawa sai ya riga ya dangwala wa kansa laifi kafin wani ya ji labarinsa. A ganina wannan shi ne babban raunin sashen, domin ya rataya kariyar a wuyan wanda ya fi kowa rashin sanin cewa akwai ta.

Shi ma sharaɗin gaggawar, wato na rashin jinkiri, an ja shi har gaban Kotun Ƙasa da Ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Heg. A shari'ar da Meziko ta kai Amurka, wadda aka yanke a 2004, kotun ta bayyana cewa ba dole ba ne a ce sai ƙaramin jakada ya samu labari kafin a fara yi wa mutum tambayoyi, amma dole ne a gaya masa haƙƙinsa da zarar an gane baƙo ne, ko aka samu dalilin zaton haka. Saboda haka masu cewa duk bayanin da aka ɗauka kafin zuwan jami'in jakadanci ya rushe da kansa, sun faɗi abin da yarjejeniyar ba ta faɗa ba.

Idan an sanar da ofishin, abin da sashen ya ba jami'insa shi ne ya ziyarci wanda ke tsare, ya yi magana da shi, su yi musayar wasiƙa, ya kuma shirya masa wanda zai tsaya masa a shari'a. A aikace wannan yana nufin ya ga halin da yake ciki da idonsa, ya nemi a samar da tafinta, ya kai ƙorafi idan ana azabtar da shi ko an hana shi magani, ya isar da saƙo ga iyalinsa, ya kuma halarci zaman kotu inda dokar ƙasar ta yarda. Ba ƙaramin abu ba ne, domin fursunan da masu gadi suka san ana zuwa dubawa ba a yi masa riƙon wanda ba shi da kowa. Amma nan ne iyakar. Sashen da kansa ya ce za a yi amfani da waɗannan haƙƙoƙi ne bisa dokokin ƙasar da ake zaune a cikinta, muddin dokokin ba su mayar da haƙƙin fanko ba, sannan sashe na 55 ya haramta wa jami'an tsoma baki a harkokin cikin gidan ƙasar. Jakada ba ya ba da beli, ba ya soke hukunci, ba ya umartar alƙali. Haka kuma babu inda yarjejeniyar ta ce ofishin ne zai biya kuɗin lauya, ko tara, ko diyya.

To, idan ƙasar da ta yi kamun ta ƙi gaya wa mutum haƙƙinsa, mene ne hukuncinta? A nan ne mai karatu zai ji ba daɗi, domin yarjejeniyar ba ta tanadi tara ko sakin fursuna a matsayin ramuwa ba. Shari'ar 'yan uwan nan biyu Jamusawa, Karl da Walter LaGrand, ita ce misalin da masana suka fi kawowa. An kama su a jihar Arizona a 1982 bayan wani yunƙurin fashin banki da aka kashe mutum a cikinsa, aka yanke musu hukuncin kisa, ba tare da an gaya musu cewa suna iya neman ofishin jakadancin Jamus ba. Jamus ba ta samu labari ba sai a 1992, daga baya kuma kotunan Amurka suka ce damar kawo wannan ƙorafi ta wuce. An kashe Karl a watan Fabrairun 1999. A ranar 3 ga Maris kotun Heg ta ba da umarnin a dakata da kashe Walter, amma aka kashe shi a wannan ranar. Sai a 2001 kotun ta yanke cewa Amurka ta karya sashe na 36, kuma haƙƙin da ke cikinsa na mutumin da aka kama ne shi kansa, ba na ƙasarsa kaɗai ba. Jamus ta yi nasara bayan bakin alƙalami ya bushe.

A shari'ar Meziko ma kotun ta samu Amurka da laifi a kan mutum 51, amma ta ƙi amincewa da buƙatar a soke hukunce-hukuncen da aka yanke musu. Abin da ta umarta shi ne kotunan Amurka su sake duba shari'o'in don a ga ko rashin sanarwar ya cutar da su. Duk da haka jihar Tekzas ta zartar da hukuncin kisa a kan ɗaya daga cikinsu a 2008, bayan Amurka ta fice tun 2005 daga ƙaramar yarjejeniyar da ke ba kotun ikon sauraron irin wannan ƙara. Ƙasa ce kaɗai take iya kai ƙasa gaban wannan kotu, mutum ɗaya ba shi da hanya. Idan Jamus da ƙarfinta da lauyoyinta abin da ta samu ke nan, ya kamata wanda ake ce masa ya kawo kuɗi za a fito da ɗansa ta hannun jakada ya san irin cinikin da ake yi da shi.

Mutanenmu sukan kafa hujja da labarin ɗalibar nan da ta tashi daga Kano zuwa Umara a Disambar 2018, aka kama ta a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar tiramadol da aka liƙa wa sunanta, aka kuma sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Gaskiya ne gwamnati ta tsaya mata, amma abin da ya buɗe ƙofar shi ne binciken da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi a gida, wanda ya bankaɗo masu liƙa sunayen matafiya a jakunkunan da ba nasu ba a filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Hanyar diflomasiyya ta ɗauki wannan hujja ta kai wa hukumomin Saudiyya, su kuma suka gamsu. Da babu hujjar, da babu abin da za a kai. A shari'ar ƙisasi kuwa lamarin ya fi haka tsauri, domin yafiya ko karɓar diyya tana hannun magadan wanda aka kashe, kuma iyakar ofishin jakadanci shi ne roƙo da shiga tsakani. Sashen bai ma wajabta sanar da ƙasa kafin a zartar da hukuncin kisa ba: a watan Oktoban 2018 an kashe wata 'yar aikin gida 'yar Indonesiya a Saudiyya, gwamnatinta ba ta sani ba sai bayan an gama, kuma abin da ta iya yi shi ne nuna rashin jin daɗinta a hukumance.

Akwai kuma masu cewa wanda ya ruga ya shiga harabar ofishin jakadanci ya taka ƙasarsa ta haihuwa. Harabar tana da kariya, 'yan sanda ba sa shiga sai da izini, amma filin yana nan a matsayin ƙasar masu masauki, kuma wanda ya fake a ciki ba shi da hanyar zuwa filin jirgi sai da yardarsu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yarjejeniyar ta ba ofishin jakadanci dama ce, ba ta ɗora masa dole ba. Ta ce jami'i yana da ikon ziyara, ba ta ce wajibi ne ya je ba. Ko zai je, ko sau nawa zai je, ko za a kwashe mutane idan yaƙi ya ɓarke kamar yadda aka kwaso ɗalibai daga Sudan a 2023, duk wannan yana komawa ne ga tsarin gwamnatin gida da kuɗin da ta ware. Don haka ƙorafin da mazauna ƙetare suke yi na waya da ba a ɗauka da wasiƙa da ba a amsawa, ba a Biyana za a warware shi ba. Wurinsa ma'aikatar harkokin waje, da hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, da 'yan majalisar da ke amincewa da kasafin ofisoshin. Bai dace jami'i ya fake da cewa doka ta ɗaure masa hannu a kan ziyarar da doka ta buɗe masa ƙofarta ba.

Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne jikokin mahajjatan da suka zauna a Sudan da Hijaz tun zamanin tafiyar ƙasa, waɗanda wasunsu ba su da takardar ko'ina. Kafin ofishi ya tsaya wa mutum sai ya tabbatar ɗan ƙasarsa ne, kuma takardar tafiya ta gaggawa da ake ba wanda ba shi da fasfo don ya koma gida ba ta fita sai bayan an yi masa tambayoyi a kan asalinsa da garinsu da danginsa. Mai shaidar zama ɗan ƙasa biyu kuma, idan ɗaya daga cikin ƙasashen ce ta kama shi, yawanci tana ɗaukarsa nata ne, ta ƙi ba ɗayar damar ganinsa.

Ga wanda aka kama, abin da sashen yake buƙata daga gare shi shi ne ya faɗi ƙasarsa, ya nemi a sanar da ofishin jakadancinta, ya maimaita buƙatar a gaban mai bincike da gaban alƙali, ya kuma nemi tafinta kafin ya sa hannu ko ya dangwala a kowace takarda. Iyalin da ke gida su ma suna iya rubuta wa ofishin kai tsaye, a Saudiyya ko dai babban ofishin da ke Riyad ko ƙaramin da ke Jidda, su haɗa da cikakken sunansa kamar yadda yake a fasfo, da lambar fasfon, da ranar da aka kama shi, da wurin da ake zaton yana tsare.