Ruwan da ake zuƙewa daga ramin haƙa, na kogi ne

'Yan'uwa manoman fadama, duk inda aka buɗe babban ramin yashi, tsakuwa ko ma'adinai kusa da kogi, aka girke injin da ke zuƙe ruwa dare da rana don ramin ya bushe a samu yin aiki, to ku fara lura da rijiyoyinku.

Mutane da yawa sun ɗauka ruwan rami daban, na kogi daban. Ba haka ba ne. Ruwan da ke kwance cikin yashin ƙarƙashin fadama shi ne yake tsattsafowa ya riƙe kogi bayan damina ta ɗauke, kuma shi ne bututunku na ban-ruwa yake ja. Idan inji ya yi ta zuƙa a wuri ɗaya, ruwan ƙasa yakan lotsa ta kowane gefe zuwa ramin, kamar mazurari. Rijiyar da ta fi kusa ita ke fara ja baya. Daga nan sai ƙorama ta daina samu daga ƙasa, ita ce ma za ta koma ba ramin. Abin da ya fi damuna a aikin malamin gona shi ne ɓarnar ba ta bayyana nan take. Sai an kai Maris ko Afrilu, albasa na tsakiyar yin kai, sannan injin ban-ruwanku ya fara jan iska. Ko an tashi daga aikin haƙar ma ba a huta ba, domin ramin zai cika ya zama tafki, rana ta yi ta shanye shi. Tsofaffin tafkunan kuza na Jos suna nan har yau.

Kuna da haƙƙi. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ba kowa damar ɗibar ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi. Dokar ma'adinai ta 2007 kuwa ta tanadi takardar izinin amfani da ruwa, ta kuma wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da al'ummar wurin kafin ya fara aiki. A cikin wannan takarda ya kamata maganar ruwa ta shiga, ba maganar aji biyu da gyaran hanya kaɗai ba.

Me za ku nema? A mayar wa kogi abin da aka rage masa. A jihar Kolorado ta Amurka, ramin tsakuwar da ya tono ruwan ƙasa bayan 1980 sai mai shi ya biya kogi har ruwan da rana ta shanye. Ku ma ku tsaya kan cewa ruwan da aka zuƙo a fara tara shi a kududdufi laka ta kwanta, sannan a sake shi ta saman gonakinku, ko a bi da shi ta lambatu ya nutse ƙasa. Kuma da rani ake biya. Wanda ya ce zai sako ruwa a Agusta bai biya komai ba. Idan ramin zinariya ne, kada a sake shi sai an gwada, saboda dalma. Zamfara ta ga abin da ta yi wa yara a 2010.

Tun kafin inji ya iso, ku zaɓi rijiyoyi uku, ku riƙa zura igiya duk ranar Juma'a kuna rubuta zurfin ruwa da kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu. Da wannan littafin za ku je gaban dagaci da hukumar raya kogunan yankinku.